Yadda ake gyara zaman ma'aikata: kowa ya riƙe nauyinsa, kowa a ji ta bakinsa

Wata shekara, ana saura kwana shida Ƙaramar Sallah, aka yanka wa wani alhaji shadda yadi goma a shagona da awon wani mutum daban. Da ya zo gwaji, 'yar cikin ko kafaɗa ba ta shiga ba. Na je Kantin Kwari na sayo wata da kuɗin aljihuna, muka kwana muna ɗinki, duk da haka mutumin bai sake tako ƙofar shagon ba. Bayan kwana biyu, wani yaron shago da bai cika shekara da zuwa ba ya same ni ina lissafin asara, ya ce ai shi ya ga lokacin da babban telanmu ya ɗauko takardar awon da ba ita ba. Na ce to me ya hana ka magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, ni wane ne da zan ce wa Malam ya yi kuskure?"

Na so in rufe shi da faɗa, sai na tuna ni da bakina na sha ce wa yara idan manya na aiki su ja bakinsu su kalla. Ashe shirun nan ni na shuka shi. Daga ranar na shiga gyaran zamanmu a shago, in yi in ɓata in sake, har tsarin ya zauna. Daga baya na taya mutum uku kafa irinsa: mai gidan burodi, mai kemis, da wata baiwar Allah mai makarantar firamare ta kuɗi. Misalaina na ɗinki ne don shi na fi sani, amma duk inda mutum biyar zuwa talatin ke aiki a ƙarƙashin wani, matakan nan za su yi.

Abu biyu ake nema. Kowane aiki ya zama da mai shi wanda za a iya tambaya, har da kai maigida. Sannan duk mai cin abinci a wurin ya samu hanyar da maganarsa za ta iso, yaro ne ko mace, baƙon gari ne ko mai lalura. Idan ka ɗauki na farko kaɗai, za ka samu shagon da ake tsoronka ana ɓoye maka ɓarna. Idan na biyu kaɗai ka ɗauka, surutu zai yi yawa, ɗinki ya yi kwantai. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Bayani ya ƙare a nan, saura aiki.

Abin da za ka tanada

- Littafi biyu masu bango mai kauri, irin na 'yan kasuwa. Ɗaya na ayyuka, ɗaya na kuskure da gyara.
- Farin allo da alƙalaminsa. Idan babu, ka shafe gefen bango da baƙin fenti a riƙa rubutu da alli. Alli dai ba ya yanke wa tela.
- Agogon bango a inda kowa ke gani, don a daina musu kan ƙarfe nawa wane ya iso.
- Rukunin WhatsApp na wurin aiki. Wanda ba shi da babbar waya, a haɗa shi da wanda zai riƙa kunna masa saƙo.
- Minti talatin a kowane mako wanda ba kwastoman da zai ci shi.
- Mutum ɗaya amintacce daga waje, dattijo ko dattijuwa, wanda ba ya cin komai a hannunka. Amfaninsa na nan tafe a mataki na 9.
- Wata uku na haƙuri. Kada ka fara a cikin azumi ko ana gab da Babbar Sallah. Bayan Sallah da mako biyu, sa'ad da kasuwa ta lafa, shi ne lokacinsa.

1. Fara da lissafin kanka

Kafin ka kira kowa, ɗauki takarda ka amsa wa kanka. A wata shida da suka wuce, sau nawa ka biya albashi ko kuɗin aiki a ranar da ka ce? Wane alkawari ne har yanzu yake rataye: ƙarin kuɗi, gyaran keken da ke cin zare, fanka, yaye yaron da ya daɗe da iyawa? Sau nawa ka karɓi aikin da ka san ba zai yiwu ba saboda kunyar kwastoma, daga baya ka sauke fushin a kan tela? Wannan na ƙarshe shi ne tsohon ciwon masu shagon ɗinki. Hannun da kake da su na kala ashirin da biyar ne a mako, ka karɓi arba'in har da kafin alƙalami, ranar jajiberi kuma ka ce ma'aikata ne malalata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Idan ma'aikata na binka bashi, biya kafin kalmar doka ta fito daga bakinka. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, faɗi nawa za ka bayar da ranar, ka rubuta a allo, ka cika. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, kuma ma'aikatanka sun san hadisin ko da ba su karanta maka shi ba. Haka kuma sun san tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin iya ɗinkinka iya kuɗinka, amma da wannan adadin suke auna ka a zuci.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tara jama'a a yi musu dogon jawabi cewa daga yau komai ya canja. Kada ka yi. Cika tsohon alkawari ɗaya ba tare da sanarwa ba, su gani da idonsu.

2. Zauna da kowa shi kaɗai

Ware mako biyu, kullum mutum ɗaya ko biyu, minti goma sha biyar. Kada ka zauna a kujerarka shi yana tsaye ko yana tsugune. Ku fita wajen mai shayi, ko ku zauna a benci ɗaya. Idan mace ce, a yi a inda ake hango ku amma ba a jin maganar, ko a gaban wata da ita ta zaɓa.

Tambaya uku nake yi. Mene ne yake ɓata maka lokaci a aikin nan? Mene ne ka taɓa gani ka yi shiru? Da kai ne mai wurin, me za ka fara gyarawa gobe?

Amsar farko kusan kullum ita ce "ba komai wallahi, Alhamdulillahi." Kara ce da kunya, a cikinsu muka taso, kada ka ɗauka gaskiya ce. Dabarata ita ce in fara kawo laifina. In ce, "Na lura nakan canja maka aiki a tsakiya ban gaya maka dalili ba. Yaya abin yake yi maka?" Da zarar ya ga ka taɓa kanka, bakinsa zai buɗe. Sai ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, ka daure.

Abu uku haramun ne a gare ka a zaman nan: kare kanka, tambayar "wa ya faɗa maka?", da kai maganar wani wajen wani. Idan ka yi ɗaya daga ciki, kafin la'asar labari ya zaga, sauran duk "ba komai" za su ce maka.

Kada ka manta da waɗanda ba sa zama a shago. Ni akwai mata da ke mana surfani da sa maɓalli daga gida, yara ke kai musu suna karɓowa. Shekara da shekaru ban taɓa jin ta bakinsu ba. Da matata ta je ta zauna da su, sai ga shi ana kai musu aiki bayan isha'i a ce da asuba ake so, kuɗinsu kuma yakan rage a hanya. Idan ba ka da wadda za ka aika, saƙon murya ta waya da izinin mazajensu ya wadatar.

3. Kowane aiki, suna ɗaya

Jera duk ayyukan wurin a allo tun daga buɗe ƙofa har rufewa. A wurinmu: karɓar kaya da awo, yanka, ɗinki, surfani, guga, duba aiki kafin a naɗe, miƙa wa kwastoma, sayen zare da man janareta, shara. A gaban kowanne rubuta suna ɗaya tak, da na wanda zai riƙe idan ba ya nan. Duk aikin da aka ce "na kowa ne", ranar da ya lalace za ka nemi mai shi ka rasa.

Sunanka ma ya hau allon: biyan kuɗi ranar kaza, gyaran kekuna, ƙayyade yawan aikin da za a karɓa.

A littafin ayyuka, kowane ɗinki ya samu lamba. A rubuta ranar karɓa, ranar alkawari, wanda ya auna, wanda ya yanka, wanda ya ɗinka, wanda ya duba. A yanki ɗan ƙyalle daga yadin a manna a gefen lambar, a kuma rubuta lambar da alli a jikin yadin. Da muna da wannan tun farko, da shaddar alhaji ba ta salwanta ba. Inda wasu ba sa karatun boko, a yi da ajami, ko kowa ya samu launin zarensa da zai ɗaura a jikin aikin da ya taɓa. A gidan burodin abokina, kowane rukunin masu kwaɓi launin farantinsa daban.

Sai dai ka kula: in ka ɗora wa mutum nauyi, ka ba shi ikon da ke tafiya da shi. Wanda aka ce shi ke duba aiki, dole ya iya mayar da rigar babban tela a warware. In ba zai iya ba, sunansa a allo ado ne kawai.

4. Ku rubuta dokoki tare

Tara kowa, ka kawo abin da ka ji a mataki na 2 ba tare da ambaton suna ba, ku fitar da dokoki. Kada su wuce bakwai ko takwas, don abin da ba a haddace ba ba a binsa. Kowace doka ta zama abin da ido zai gani. "A riƙa ladabi" ba doka ba ce. "Ba a zagin kowa da iyayensa, ba a dukan yaron shago" doka ce. "A zo da wuri" ba ta isa ba. "Ana buɗewa ƙarfe takwas, wanda zai makara ya turo saƙo kafin takwas" ta isa.

Aƙalla biyu daga ciki su zama kai suka ɗaure. Namu su ne: ana biyan kuɗin aiki kowace Alhamis kafin magariba, kuma ba a karɓar ɗinkin Sallah bayan ashirin ga azumi ko wane ne ya kawo. Ta biyun ta sa na ɓata da wani ɗan'uwana na 'yan watanni. Amma ranar da telolina suka ga na mayar masa da ledarsa, ban sake buƙatar maimaita dokar makara ba.

A nan ne kuma za ka gyara takardu. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: aikinsa, kuɗinsa, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sallama. Dokar ta ba wanda ya cika wata 12 hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Ta ba mai juna biyu mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki, mai shayarwa kuma rabin awa sau biyu a rana. Yaron koyo ma a rubuta da sanin iyayensa: shekara nawa, me zai koya, yaushe za a yaye shi.

5. Zaman mako

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma a nan aka fi yin sakaci. Zaɓi rana da lokaci da ba su ci karo da ibadar kowa ba. Muna da tela Kirista daga Sabon Gari, saboda haka Lahadi ta fita, Juma'a ma ta fita. Muka tsayar da Asabar da safe kafin a tayar da keke.

Minti talatin, ana kallon agogon bango. Tsarinsa: me muka yi alkawari makon jiya, me aka cika, me ya hana, me ke gabanmu.

Sirrin yana cikin jerin masu magana. Mafi ƙanƙanta ne zai fara, a hau sama, babban tela ya zo kusa da ƙarshe, kai ka rufe. Idan ka fara, magana ta mutu, don ba wanda zai saɓa wa maigida a gaban jama'a. Kowa zai ce "haka ne, ranka ya daɗe." Idan babban tela ya fara, yara za su maimaita abin da ya ce. Makonnin farko yaran za su yi ta sosa ƙeya. Yi musu tambaya ƙarama da suka san amsarta: "Wane keke ne ya fi ba ka wahala makon nan?" Daga keke za a kai ga mutane.

Babban telanka zai ji zafin wannan jeri. Same shi tun kafin zaman farko, ka gaya masa shi ne zai tattara maganar yara ya yanke abin da ya shafi sana'a. Girmansa ne ya sa yake ƙarshe, kamar yadda a fada sarki ba ya fara magana. Ni sai da na yi wannan bayani sau biyu kafin Malam ya saki ransa.

Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, a bar shi ya faɗa da Turanci ko harshen da ya iya, wani ya fassara, kuma ba dariya. Kurma a zaunar da shi inda yake ganin fuskar kowa, a rubuta masa abin da aka yanke. Matan da ke aiki daga gida su zaɓi wakiliya, ko a kunna saƙonsu na murya a zaman, a mayar musu da amsa a ranar.

Duk shawarar da aka kawo sai ta samu ɗaya daga cikin amsa uku: za a yi, ga mai yi ga rana, ba za a yi ba, ga dalili, ko a ba ni zuwa Asabar mai zuwa. "Za mu duba" ita ce kabarin shawara. Tafiya da kowa kuma ba ƙuri'a ba ce. Za ka ji kowa, amma hukuncin da nauyinsa naka ne, kuma ka faɗa musu haka ƙarara.

6. Idan an yi ɓarna

Masana'antun motar Toyota sun yi suna da wata igiya da ake kira igiyar andon. Ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala zai ja ta, shugaban rukuni ya zo, in ta kama a tsayar da layin aikin gaba ɗaya. Mu ba mu da igiya, kalma muka ajiye: "A dakata." Duk wanda ya faɗe ta, ko jiya ya zo, almakashi zai tsaya a sake duba awo. In ya zamana shi ne bai gani daidai ba, ba mai yi masa tsiya. Asarar minti biyu ce. Karo na farko da yaro ya faɗe ta, ka gode masa a gaban kowa ko da bai yi daidai ba, don sauran na kallon abin da zai same shi.

Idan ɓarna ta riga ta auku, raba ta gida uku kafin ka buɗe baki.

Kuskure: mutum ya yi iya yinsa, abu ya kuɓuce. Wannan ba hukunci. A rubuta a littafi na biyu: me ya faru, me ya jawo, me za a canja. Ka yi ta tambayar "me ya jawo" har ka wuce mutum ka isa ga tsari. Guga ta ƙona leshi. Me ya jawo? Dutsen ya yi zafi da yawa. Me ya jawo? Ma'aunin zafinsa ya mutu tun watan jiya. Wa aka gaya wa? Maigida. To ka ga inda aka kwana.

Sakaci: ya san ƙa'ida, ya tsallake ta don gaggawa ko lalaci. Kira shi gefe, kai da shi. Faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ka ji nasa, ku yanke abin da zai gyara da wa'adi. In ya maimaita karo na biyu, a rubuta ya sa hannu. Na uku sai a yi maganar rabuwa. Kada ka ce "kai kullum haka kake", kada ka taɓa garinsu ko ƙabilarsa ko iyayensa. Yabo a bainar jama'a, gyara a keɓe. Bahaushe zai yafe maka rage masa kuɗi kafin ya yafe maka tozarci.

Ha'inci: satar yadi, karkatar da kwastoma, ƙarya a kan kuɗi. Wannan ba ya bin matakai uku, amma sai da hujja da shaida, kuma sai an ji ta bakinsa.

Hattara da yankan albashi, wanda ya zama ruwan dare a shaguna. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire wa ma'aikaci tara daga albashinsa. Ko asarar da ganganci ko sakaci ya jawo, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Ban da doka ma, na gwada shi shekaru, abin da ya koya wa yarana kawai shi ne cusa rigar da ta lalace a ƙarƙashin tebur. Idan ta kai ga sallama ba a kan babban laifi ba, sashe na 11 ya tsara wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya kai shekara biyu amma bai kai biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar zuwa sama.

Shafin farko na littafin kuskure, naka za ka rubuta da hannunka.

7. Ɗan'uwa da gwani

Mutum biyu ne ke rusa tsarin nan: ɗan yayarka da aka kawo maka ka riƙe, da gwanin da kake tsoron ya tafi da kwastomomi. Idan doka ta tsallake su, shago ya rabu gida biyu, 'yan mowa da 'yan bora, kuma 'yan bora ba za su sake ce maka "a dakata" ba.

Ɗan'uwa, ka je ka samu iyayensa tun kafin a fara. Ka ce musu a shago ma'aikaci ne, a gida ɗa ne, kada ƙararsa ta biyo ta hannun Hajiya. In zai yiwu ka sa shi ƙarƙashin wani, ba kai ba. In ya gagara, gara ka taimaka masa da jari daga aljihunka ya kama wani abu.

Gwani kuwa, a biya shi gwanintarsa da kuɗi, a fili, kowa ya san dalili. Amma ba a biyansa da izinin zagin yara. Na taɓa riƙe wani shekara biyu saboda hannunsa a babbar riga. Da na zauna na ƙirga yaran kirki da suka gudu saboda bakinsa, sai na ga ashe ni ke biyan kuɗin zamansa.

8. Raba aiki mai maiƙo da adalci

Zama a ji ta bakin mutum ba ya ƙosar da shi idan kullum aikin da ke da kuɗi hannu ɗaya yake faɗawa. Buɗe littafin ayyuka ka duba wata uku baya: wa ke samun manyan riguna da kayan biki, wa ke fama da facin wando da kayan makaranta? Tsakanin waɗanda hannunsu ya kai, a yi karɓa-karɓa, a rubuta jerin a allo.

Ga yaran koyo, zana musu tsani a bango: guga da sa maɓalli, ɗinkin wando, jamfa, kaftani, yanka, awo. Duk wata uku a gwada yaro a gaban tela biyu. In ya ci ya hau. Yaron da ya shekara biyu yana sayo abinci da shara, kai ka ci amanar iyayensa.

Mai lalura, tambaye shi abin da yake buƙata, kada ka yi masa zato. Wani telanmu da shan inna ta taɓa wa ƙafa, abin da ya nema kawai keke mai mota da wurin zama kusa da ƙofa, da a zuba siminti a gyara dakalin shiga. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, amma ni abin da na gani shi ne buhun siminti ɗaya ya samo min mutumin da ya fi kowa tsaftar ɗinki.

9. Buɗe ƙofa ta biyu

Wata damuwar ba ta faɗuwa a zaman mako, wata kuma kai ne ita. A nan dattijon nan na waje yake shigowa: limamin unguwa, wani babba a ƙungiyar teloli, ko tsohuwar malamar makaranta. Gabatar da shi ga ma'aikata, a ba su lambarsa, ka ce a gabansu duk wanda ya kai ƙararka ba abin da zai same shi. Inda akwai mata, dole a samu mace da za su iya gaya wa idan wani na damunsu da maganar banza ko taɓa jiki. Irin wannan ƙara ba a cewa "a yi haƙuri" a rufe. A raba su wurin aiki a ranar, a bincika a asirce, a yanke hukunci cikin mako.

Akwatin ƙorafi na gwada, bai yi min ba. A shagon mutum goma kowa ya san rubutun kowa.

10. Gwada ko ya kama

Bayan wata uku, duba abu huɗu a littattafanka: kaya nawa aka dawo da su gyara, alkawari nawa aka saɓa, mutum nawa suka bar aiki, da mutum nawa suka yi magana a zaman mako ba tare da an kira sunansu ba. Sake zaman mataki na 2, ka ƙara tambaya ɗaya: wace doka ce ni na karya?

Sannan ka yi tafiya ta mako guda. Damƙa wa mutum ɗaya riƙo a gaban kowa, ka ce kada a kira ka sai gobara ko rashin lafiya, kai ma kada ka kira. Idan ka dawo, kafin ka ƙirga kuɗi, buɗe littafin kuskure. In ka tarar an rubuta abu biyu ko uku da yadda aka gyara su, tsarin ya fara tsayawa da ƙafarsa, sai ka mayar da irin wannan tafiya duk wata shida. In ka tarar shafin makon fari tas, mako guda cur a shagon ɗinki ba a ɓata ko aljihu ɗaya ba, to leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ka koma mataki na 2.